Jinin da ya daskare, shi ne kuma ke zuba? Muhawara kan sankarau da daskarewar jini

Inno Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Tambaya gare ni ga masu ilimin asibiti, don abin ya tsaya mani ga rai. Ɗan ƙanwata na, yaro ɗan shekara 7, anka kawo muna shi daga ƙauye wajen Gwadabawa sati ukku da sunka wuce. Ran Alhamis da dare zazzaɓi yak kama shi, shina kukan ƙahwahunai na ciwo. Uwatai ta ba shi maganin maleriya da tas saya kemis. Wayewar garin Juma'a sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe ga cikinai da tahin ƙahwa, kahin la'asar sun zama manyan tabo awa wanda anka yi ma bulala. Munka kai shi asibiti, sunka ce ƙwayar sankarau ta, amma cikin jini tash shiga. Alhamdu lillahi ya rayu, sai dai yatsu biyu na ƙahwar hagu sun yi baƙi sun bushe.

Ga inda kaina yak kulle. Likita yac ce jini yad daskare cikin jijiyoyi, shi yak kashe yatsun. To amma da idona nig ga duk inda anka soka mai allura jini na tsattsahi ba ya tsayawa, har dasashinai na jini. Jinin da yad daskare shi ka zuba kuma? Uban yaron har yau cewa shikai yawan huda da ma'aikata sunka yi mai shi yaj jawo. Ni ban yarda ba, amma ba ni da amsar da zan ba shi.

Sista Luba:
Wa alaikumus salam. Sannu Inna, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki yi wa Allah godiya, irin wannan kan tafi da yaro cikin yini guda.

Nasiru na ɗakin gwaji:
Inna, sannunku da jinya. Duka biyun da kika gani gaskiya ne, kuma ciwo ɗaya ne. Abin da ke sa jini ya daskare ba ya da yawan da ba zai ƙare ba. Akwai sinadarai da hanta ke haɗawa tana zubawa cikin jini, akwai kuma 'yan ƙananan ƙwayoyi da muke kira filatilet, su ne ke fara toshe rauni. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini, wato wani ɗan mitsitsin ɗigo. A irin ciwon yaron nan, jiki kan kunna daskarewa a dubban 'yan ƙananan jijiyoyi lokaci guda: fata, ƙoda, huhu, yatsu. Kowane guda yana cin filatilet da sinadari, hanta da ɓargo ba sa iya mayarwa da saurin da ake ci. Kamar magini ne ya kwashe simintinsa kaf ya toshe lungunan unguwa, sai ga katangar gidansa ta tsage, babu ko kwano ɗaya da ya rage. Na sha ganin filatilet ɗin irin waɗannan yara ya faɗo ƙasa da 30,000. To a nan ko allura ɗaya aka soka sai ta yi ta tsiyaya. Ba hudar ce ta kawo ciwon ba, hudar ta nuna shi ne kawai.

Mutanen ƙauye ma sun san irinsa ta wata hanya. Wanda kububuwa ta sara, dafinta kan kunna daskarewa har kayan su ƙare, sai ka ga jini na fita ta dasashi da tsohon tabo. Shi ya sa muke zuba jininsa a kwalbar gilashi mu ajiye minti 20, in bai kama ba mun san dafi ya yi aiki.

Baba Shehu Runjin Sambo:
Malam Nasiru, na ji wanga. Amma maciji dahi garai. Ita ƙwayar cuta mi ag gaminta da daskarewa? Mi as sa jiki shi yi ma kainai wagga ɓarna?

Dakta Asma'u:
Baba, tambayarka ita ce gindin maganar. Inna, Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa.

Mun taso ana koya mana cewa daskarewar jini aikinta tsayar da zubar jini, garkuwar jiki kuma aikinta yaƙar cuta, kowa da ofishinsa. Ba haka abin yake ba. Daskarewa makami ce cikin makaman garkuwar jiki. Ku dubi maruru. Ƙwayar bakteriya ta shiga ƙarƙashin fata, jiki ya kewaye wurin da bango na zaren da ake kira fibirin, wanda shi ne dai zaren gudan jini. Yaƙin ya tsaya cikin bangon, ya zama mugunya, ya fashe, mutum ya warke. Da babu bangon da ƙwayar ta bi jini ta zaga jiki. Dabarar magabata ce da suka yi wa Sakkwato ganuwa da ƙofofi: in abokin gaba ya shigo ta wata kusurwa, a rufe ƙofa a tare shi nan.

Yadda abin ke tashi: a bayan ƙwayar sankarau da danginta akwai wata guba da ake kira endotoksin. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait suna da abin da ke jin ƙanshin gubar nan. Da sun ji ta sai su fito da wani sinadari a bayansu, tishu fakto, wanda a ƙa'ida ɓoye yake a wajen jijiya, jini ba ya haɗuwa da shi sai an ji rauni. Shi ke kunna jerin sinadarai, wannan ya tayar da wancan, har a kai ga turombin. Turombin ke mayar da fibirinojin da ke narke cikin jini ya zama zaren fibirin. Kuma ba nan ya tsaya ba, yana tayar da filatilet, yana zuga bangon jijiya ya ƙara kiran fararen ƙwayoyi. Kumburi na haifar da daskarewa, daskarewa na ƙara kumburi. In a wuri ɗaya ne, alheri ne. Matsalar ƙwayar sankarau ita ce tana manne wa bangon ƙananan jijiyoyi ko'ina, kuma tana zubar da gubar nan da yawan gaske. Sai jiki ya rufe kowace ƙofa ta gari lokaci ɗaya, mutanen ciki su rasa abinci. Yatsun yaron nan abin da ya same su ke nan.

Jiki yana da linzami fa. Akwai furotin C, akwai antiturombin, aikinsu hana daskarewa wuce gona da iri. Amma furotin C a kan lafiyayyen bangon jijiya ake kunna shi, bangon kuma shi cutar ta fara lalatawa. Abin da ya daɗe yana taɓa ni: jaririn da aka haifa babu furotin C gaba ɗaya yakan fito da irin waɗannan baƙaƙen tabo cikin kwanakin farko, alhali babu wata ƙwayar cuta a jikinsa. Tabon, alamar tsinkewar linzami ne.

Abdulmalik ɗalibi:
Ranki ya daɗe Dakta, a ba ni dama in ƙara abin da muka karanta a zangon nan, don ya burge ni matuƙa. A 2004 masu bincike a Balin ta Jamus, Brinkmann da Zychlinsky da abokan aikinsu, suka gano cewa fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil suna iya warware zaren DNA, wato zaren gadon halitta, da ke cikinsu su watsa shi waje kamar masunci ya jefa birgi a gulbin Rima. Tarun na kama bakteriya, kuma a jikinsa akwai sinadarai masu kisa. To wannan tarun shi ma yana tara filatilet, yana kunna sinadarin daskarewa na 12, kuma wani sinadari mai yanka, wato enzayim, da ke jikinsa yana yanka ɗaya daga cikin linzaman da kika ambata. A 2013 Engelmann da Massberg suka raɗa wa abin suna imunoturombosis, wato gudan jinin da garkuwar jiki ke ginawa da gangan.

Amma ga inda ban gamsu ba. In dai gudajin nan ne ke kashe ƙoda da yatsu, me ya hana a ba kowane mai gubar cuta a jini hefarin mai ƙarfi, wato maganin hana daskarewar jini, tun daga ƙofar asibiti? Hefarin ba tsada gare shi ba. A ganina muna barin yara suna rasa gaɓoɓi saboda tsoro.

Nasiru na ɗakin gwaji:
Ƙanena, yaron da filatilet ɗinsa ke 20,000 za ka ba maganin tsinka jini? In ya zuba cikin ƙwaƙwalwa fa?

Abdulmalik ɗalibi:
Yaya Nasiru, ai kai da kanka ka ce daskarewar ce ta cinye filatilet ɗin. In an tsayar da ita tun da wuri ba za su kai 20,000 ba.

Dakta Asma'u:
Abdulmalik, tunaninka ba na banza ba ne, manyan masana sun yi shi kafin kai, an kuma kashe maƙudan kuɗi a kansa. Kamfanin Eli Lilly ya haɗa furotin C kunnanne ya sa masa suna Xigris. A 2001 Amurka ta amince da shi bayan gwajin farko ya nuna kamar yana rage mutuwa. Aka yi ta murna. Aka sake babban gwaji, ba a ga bambanci tsakanin wanda ya samu da wanda bai samu ba, ga kuma haɗarin zubar jini da aka riga aka sani yana tare da shi. A Oktoban 2011 kamfanin ya janye shi daga kasuwa. Antiturombin ma an gwada shi a kan marasa lafiya sama da 2,000, sakamakon ya fito a 2001, bai rage mutuwa ba.

Ni abin da na ɗauka daga wannan: ba za ka rushe ganuwa gaba ɗaya don ta matse mutanen gari ba alhali maƙiyi na nan. Kuma su kansu ƙwayoyin cuta sun ba mu shaida cewa gudan jini yana takura musu, don da yawansu sun tanadi makamin fasa shi. Ƙwayar sitireftokokus, mai kawo ciwon maƙogwaro da cin nama, tana fitar da sitireftokaines, wanda ke sa jiki ya narkar da fibirin da kansa, ta samu hanyar wucewa. Tun 1933 Tillett ya lura da haka, daga baya aka mayar da sinadarin maganin narkar da gudan jini ga masu bugun zuciya. Tana kuma da almakashin da take yanka tarun nutrofil ɗin da ka ambata. Ƙwayar annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ita ma da irin wannan makami take fita daga inda aka cije mutum ta bazu. Ɓarawo ba ya ɗaukar diga sai in akwai katangar da ke tare shi.

Nasiru na ɗakin gwaji:
Sai dai sitaf, Dakta, ƙwayar bakteriyar nan mai kawo maruru. Ita tata dabarar daban ce. Ita da kanta take daskarar da jini ta lulluɓa da fibirin kamar bargo, fararen ƙwayoyi su kasa isa gare ta. Da wannan halin ma muke gane ta a benci: mu haɗa ta da filazma, wato ruwan jini da aka raba da ƙwayoyinsa, a kwalba, in ya kama ya yi guda mun san sitaf mai marurai ce. Makami ɗaya, jiki na riƙe da shi, ita ma ta ƙwace tana amfani da shi.

Abdulmalik ɗalibi:
Na karɓi tarihin, ranki ya daɗe, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Waɗancan gwaje-gwajen sun haɗa kowa da kowa, har da waɗanda daskarewar jininsu ba ta rikice ba. A Japan tun 2008 suna amfani da turombomodulin, sinadarin da ke taimakawa wajen kunna furotin C, ga masu wannan matsala takamaimai.

Dakta Asma'u:
Haka ne, suna amfani da shi. Amma da aka gwada shi a ƙasashe da yawa, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna raguwar mutuwa da za a kafa hujja da ita ba. Na yarda da kai cewa ƙila amsar tana wajen zaɓar wane majiyyaci da wane lokaci, kuma ina fata irinku za su gano. Kada kuma a fahimce ni baibai: muna ba manya da ke kwance ƙaramin hefarin don hana guda a jijiyar ƙafa in babu haɗarin zubar jini. Wanda ke zubar da jini muna ƙara masa filazma da filatilet. Amma abin da ke juya ciwon shi ne kashe ƙwayar da ta kunna wutar: allurar kashe bakteriya irin seftiriyazon cikin sa'ar farko, ƙarin ruwa, iskar oksijin, a fitar da mugunya in akwai. Abin da na fi gani yana cinye gaɓoɓin yaranmu awannin da suka wuce ne kafin a iso, ba rashin wani magani mai tsada ba.

Sani mai kemis Arkilla:
Dakta, maganarki ta taɓa ni, don wurinmu ake fara zuwa. Gaskiya duk zazzaɓi a garin nan sunansa maleriya ko taifod har sai ya gagara. Tambayata: tunda jini ke daskarewa, asfirin ba zai taimaka ba kafin a kai asibiti? Mutane na tambaya.

Dakta Asma'u:
A'a Malam Sani, don Allah kada a ba da shi. Asfirin na gurgunta filatilet har ƙarshen rayuwar su filatilet ɗin, kwana 7 zuwa 10, ga su dama sun yi ƙaranci. Kuma ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin ko da babu wannan, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Diklofenak da ibufurofen ma a bar su a irin wannan hali, ƙoda na cikin wahala. Taimakon da za ka yi ya fi wannan girma. In an kawo yaro da zazzaɓi ka ce a ɗaga rigarsa. A baƙar fata ɗigon ba ya fitowa sosai, sai ka duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da ganɗa. Ka danna gefen kofin gilashi a kai. Ƙurajen zafi da na ƙyanda sukan dushe in an danna, wannan ba ya dushewa, don jini ne ya riga ya fita daga jijiya. Ga kuma sanyin hannu da ƙafa alhali jiki na zafi, ciwon ƙafafu mai tsanani, saurin numfashi, yawan barci ko rikicewa, rashin fitsari. Kada ka jira wuya ya sanƙare. In ƙwayar ta jini ta bi, wuyan na iya zama lafiya lau. Kada ma ka jira ɗigon in sauran alamun sun bayyana, yakan makara.

Baba Shehu Runjin Sambo:
Allah shi yi maki albarka ɗiyata. Ni na ga sankarau na 1996, ba labari anka ba ni ba. Unguwarmu akwai ranar da munka yi jana'iza huɗu. Lokacin in anka ga tabon ga baƙi cewa akai mugun jini na yat taru, a kira wanzami shi yi ƙaho shi hidda shi. Har yau akwai masu yi. Ni ban raina sana'ar wanzamai ba, sun yi muna aiki tun kakanni, amma yanzu da nij ji bayanin Malam Nasiru hankalina ya tashi.

Nasiru na ɗakin gwaji:
Baba, ya kamata ya tashi. Tsaga a jikin da ba ya da abin tsayar da jini ƙofa ce da ba mai rufewa, ga kuma sabuwar hanyar shigar cuta. Baƙin da ake gani ba mugun jini ba ne da za a zuƙe, fata ce da jini ya daina isa gare ta. Shekarar da ka ambata, a Najeriya kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu.

Sista Luba:
Ku bar ni in shigo da mata, don ana ta maganar yara. Mu a ɗakin haihuwa wannan abu ba baƙo ba ne. Mai ciki da mai jego dama jininsu ya fi saurin kamawa, tanadi ne na Ubangiji don kada su zubar da yawa wajen haihuwa. To in cuta ta shiga mahaifa, ko ruwa ya fashe aka daɗe a gida, ko wani ɓangaren mabiyiya ya saura, abin da Dakta ta bayyana kan faru da sauri. Mace ta haihu lafiya, kwana uku sai zazzaɓi da wari a jinin biƙi, a ce ai ruwan nono ne ke zuwa, a ci gaba da wankan jego. Ranar da za a kawo ta jini na zuba ba ya kamawa, ƙoda ta tsaya. Na riƙe hannun irinsu, ba na son tunawa. Iyayenmu mata da ke gidan nan, zazzaɓi bayan haihuwa na asibiti ne, ko da tsakar dare.

Hauwa'u Gawon Nama:
Sista, Allah ya saka. Amma ina da tambaya, ba an yi rigakafin sankarau ba shekarun baya? Ni na tuna an yi mana. Ya aka yi yake dawowa?

Dakta Asma'u:
An yi, Hauwa'u, kuma ya yi aiki. Ƙwayar sankarau nau'i-nau'i ce, rigakafin da aka fara a Najeriya a 2011 na nau'in A ne, wanda ya yi ɓarnar 1996, kuma tun daga nan nau'in A ya kusa ɓacewa. Sai wani sabon nau'in C ya ɓullo, a jihar nan tamu ta Sakkwato aka fara ganinsa a 2013. Shi ne ya yi annobar da ta tashi daga Zamfara ƙarshen 2016 ta shiga 2017, aka ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, Sakkwato na cikin inda abin ya fi tsanani. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X. Wanda aka yi wa na A kaɗai bai da kariya daga sauran. Lokacinsa kuma kun san shi, daga ƙurar hunturu har zafin bazara, sai ruwa ya sauka yake lafawa. Masu sikila su fi kowa kula, saifarsu ba ta tace irin waɗannan ƙwayoyi yadda ya kamata.

Inno Mabera:
Na karanta duka, wasu wurare sau biyu. Na kira uban yaron na karanta mai maganar magini da siminti, yay yi shiru, daga baya yac ce a yi mai godiya ga Malam Nasiru. Allah shi saka maku. Dakta, saura guda: yatsun ga da sunka bushe, wasu na cewa a kai a cire su yanzu, wasu na cewa a shahwa man shanu da lalle za su dawo.

Dakta Asma'u:
Inna, kada a shafa komai, kada kuma kowa ya taɓa su a gida. Wanda ya mutu ba ya dawowa, amma likitocin tiyata sukan jira iyakar mataccen nama da mai rai ta fito sarai, don sau da yawa abin da ya rayu a ƙarƙashi ya fi yadda ido ke gani, ba a son a yanke fiye da kima. A bar wurin a bushe, a tsabtace, a riƙa kai shi wankin da aka ce. In kin ga ruwa, wari, ja yana hawa sama ko zazzaɓi ya dawo, ranar za a koma. Ki kuma roƙa a gwada jinsa, wannan ƙwaya kan taɓa kunne ba a lura ba. Shekaru masu zuwa a riƙa duba tsawon ƙafafunsa, don gudajin kan toshe jijiyoyin da ke ciyar da inda ƙashi ke tsiro, wata ƙafar ta fi wata.

Inno Mabera:
To Dakta. Maganar kunnen ga ta sa na tuna, tun da munka dawo sai an kira shi sau biyu in ta gehen hagu aka tsaye. Litinin muna da ranar wanki, zan hwaɗa musu tun da sahe in sha Allahu.